Mai Gyaran Hotunan Matattu

Shagona na shayi da kofi yana jingine da na Khiem a layinmu na birnin Hue, bango ɗaya ya raba mu, shi ya sa ko tari kwamfutarsa ta yi sai na ji. Sana'arsa gyaran hotunan matattu. A kawo masa hoton da ruwa ya ci, ko wanda gara ta lashe wa kunne, ya ɗauke shi a kwamfuta, ya mayar da ido inda ido yake, ya sa wa mutum riga mai kyau, a kai gida a ɗora kan teburin kakanni gaban turare. Garinmu kuwa kusan kowace shekara sai ambaliya ta shigo har ɗaki. Gidaje da yawa asalin hoton ya daɗe da tafiya, abin da ya rage na fuskar uba ko ɗa yana cikin wannan tsohuwar kwamfutar, ba shi a ko'ina kuma.

Khiem mutum ne mai sanyi, irin wanda zai tsaya zaɓen kifi har kasuwa ta tashi. Ina son sa, amma yana ba ni haushi.

Ana shiga watan bakwai, watan da fatalwowi ke yawo, faifan ajiyar kwamfutar ya fara ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali. Hoto ɗaya kafin ya buɗe, Khiem ya shanye kofinsa ya dawo. Ya kira Nhan, matar da ke gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ta kara kunne, ta yamutsa fuska.

"Yaya Khiem, wannan ai numfashin ƙarshe yake. Canza shi yau a kwashe kayan."

Ta jera masa zaɓi. Akwai irin na da, mai juyawa, ga araha ga faɗi, sai dai nawa gare shi. Akwai sabon yayi mai gudu, amma wanda aljihunsa zai iya ƙarami ne, ko rabin hotunan ba zai ɗauka ba. Babbansa kuma kuɗinsa ya kai hayar shago ta wata biyu.

"Ƙaramin fa, sauran mutanen in kai su ina?" in ji Khiem. "In goge kakar wani don in yi sauri?"

"To ɗauki mai arahar."

"Na gaji da jira, Nhan. Gemuna a gaban wannan abin ya yi fari."

Suna cikin haka matarsa Tuyet ta leƙo daga ciki da ludayi a hannu.

"Mai gudu ne ko gurgu, ba wanda zai shigo mini da sabon kaya a wannan watan. Ka manta wan naka da ya sayi babur a watan bakwai? Har yau da sanda yake tafiya."

Nhan ta ce tana da wani tsohon faifai, ta ara masa kyauta kafin wata ya fita. Kai, sai ka ce wuta ta watsa wa Tuyet.

"Na hannu? A watan nan? Kin san na wane ne, ko yana raye?"

Ni ma na sa baki ta taga, na ce haba Tuyet, fatalwa me za ta yi da faifai? Ta ce in je in kula da ruwan zafina. Gaskiyar magana, ni kaina ban sayi ko kujera ba a watan, don haka bakina bai yi nauyi ba.

Shi kuwa Khiem, hanin ya yi masa daɗi, don ya ba shi wurin ɓuya. Kullum ya zo shan kofi da lissafi ɗaya: yau mai araha, gobe mai gudu, jibi ko a ci bashi a sayi babban. Ga aiki ya yi masa yawa, watan ne kowa ke tuna nasa. Ya koma lulluɓe kwamfutar da tsumma mai sanyi, yana kunna mata fanka shi yana zufa.

Wata bai fita ba. Wata safiya ya danna kwamfutar, ta yi ƙas sau biyu ta yi shiru. Nhan ta aika faifan har babban birni, aka dawo da shi a leda, an ce cikinsa ya kakkarce, babu abin cirewa. Ran nan na ga namiji ya zauna a dakalina bai iya ɗaga kofi ba, na ji tausayinsa har na rasa zagin da na tanada.

Da wata ya fita ya sayi babban mai gudun, Tuyet da kanta ta cire ɗan kunnenta ta sayar. Yanzu kafin ka ɗauke yatsa ta buɗe.

Sai ga Iya Thin, tsohuwa mai sayar da ganyen miya, wadda ɗanta ɗaya ya nutse yana saurayi. Damshi ya cinye hoton da ke kan teburinta, fuskar ta zama farin tabo. Ta zo a sake buga mata, kamar yadda aka yi mata can baya.

"Iya, ki dawo jibi," in ji Khiem. "Injin ne ke nawa."

Ta dawo jibin, ya ce mako mai zuwa. Har yanzu tana zuwa, ta zauna a bencin ƙofa da kwandonta, ni in kai mata shayi in kasa kallon idonta. Jiya da za ta tafi ta kwance bakin zaninta, ta tura masa 'yan kuɗin ganyenta a kan tebur.

"Ɗana, ka ƙara da wannan ka sayi mai sauri. Na fara manta yadda bakinsa yake."