Likitar da na aika ta kira likita

Jama'a, yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba!

Na kai Hajiyarmu wani ƙaramin asibiti a Karmo, hawan jininta ya ƙi sauka. Na fita amsa wayar ofis. Ina dawowa na tarar da wata mata da silifas zaune a benci, ta riƙe hannun Hajiya suna ta hira.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baiwar Allah, hirar ta isa haka. Je ki kira mana likita!"

Ta ɗago ta ce, "Alhaji, ni ce likitar."

Wayyo! Kamar in nutse.

Na fara kame-kame, ta ce ba komai. Wai a ruga ta tashi, wajen Paikon Kore. Ta san tsofaffi ba sa sakin jiki da wanda ke bayan tebur, shi ya sa take fitowa ta zauna da su.

Sai ta ce, "Ka san wata biyu ke nan Mama ba ta shan maganinta?"

Na ce ina! Ni nake sayowa!

Hajiya ta sunkuyar da kai. Ashe maganin yana sa ta yawan fitsari, alwala ba ta zama. Sai take ɓoye shi ƙarƙashin katifa.

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta ce, "Kai kullum kana waya. Ita zama ta yi ta tambaye ni."