Tambaya Ɗaya, Amsa Biyu

Duk unguwar Injiniya suke ce wa Winifred Vandi, amma ba mai iya faɗa maka abin da take ƙerawa. Masu kawo mata wayar da ta faɗa ruwa sun gaji sun daina, don ba ta gyaran waya. Ɗakinta yana can bayan gidan mahaifinta a Mubi, faranti biyu na sola a kan kwano, kwamfuta a kan teburin da uwarta ke ɗora keken ɗinki a da. Nan take wuni.

Ita ce auta. Yayyenta sun watse, Edwin yana Jos, sauran suna Yola. Tana 'yar sakandare masu bindiga suka shigo gari, aka gudu da ƙafa ta cikin duwatsu. Uwarta, Miriyamu, ba ta dawo daga wannan gudun ba. Ciwo ya kama ta a hanya, aka binne ta a ƙauyen da ba nasu ba. Da ƙura ta lafa, Winifred ta dawo da mahaifinta, ta yi karatun lantarki a nan cikin gari, kullum tana kwana a gida. Tun daga nan ba ta sake kwana a wani gari ba. In an tambaye ta, sai ta ce dalili ne bai kama ba.

Wani kamfani da ke Legas ne ya ɗauke ta aiki ta intanet. Suna zana ƙwaƙwalwar na'ura, 'yar baƙar abar nan mai girman farce da ke cikin waya da injin sola, wadda hanyoyin lantarki suka cika ta fiye da ƙirga. Kafin a kai zane masana'anta sai an tabbatar ba kuskure, don in an riga an ƙera, babu gyara sai zubarwa. Matsalar ita ce zanen ya yi girman da ba wanda ya san amsar da ta dace da kowace tambayar da za a yi masa. Ta yaya za ka kama maƙaryaci alhali kai ma ba ka san gaskiyar ba?

Dabarar da Winifred ta ƙware a kai sabuwa ce, gwajin rikiɗa. Ka yi wa zane tambaya, ka riƙe amsar. Sai ka sake yin ta cikin wata kamar da bai kamata ta canza komai ba. Ta taɓa ƙoƙarin fahimtar da mahaifinta.

"Baba, ka ɗora buhun wake a sikeli, ka ƙara na masara. Ka sauke, ka fara da masara, ka bi da wake. In nauyin ya bambanta fa?"

"Sikeli ɓarawo ne."

"Ka gani? Ka kama shi, ko da ba ka san ainihin nauyin ba."

"To wanne ne gaskiya, na farko ko na biyu?"

"Wannan kam gwajin ba ya faɗa. Cewa kawai yake akwai ɓaraka."

Baba Vandi ya yi tsaki. "Ka kama ɓarawo, ba ka san abin da ya sata ba. A kan wannan suke kiran ka Injiniya?"

Haka Hausarsa take. Manomi ne da ya sauko daga tsaunukan Michika, a kasuwa ya tsince ta, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Da ita yake ciniki, da ita yake wasa da baƙi. Amma addu'a da faɗa da kuka, da harshensu na gado, Kamwe, yake yin su.

Da damina, Winifred ta kama wani kuskure da ya wuce idon kowa: ta sauya jerin saƙonni biyu da ke shiga zanen, amsa ta fito daban. Kamfanin ya ce ta taho Legas gaba ɗaya, inda ake gwaji a kan na'urar gaske. Suna jiran amsarta kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a ba wani gurbin.

Ta san lokacin da ta zaɓa ta faɗa. Da la'asar ne, Baba yana gindin dogon yaro tare da tsohon amininsa Hammanjoda, wanda ke kawo shanu kasuwa daga Mayo Bani. Ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo maganar da Hausa.

"Legas!" in ji Hammanjoda. "Vandi, ashe ɗan maraƙinka ya yi ƙaho."

Baba ya gyara zama, ya buɗe ƙirji. "Ka tafi mana. Wa ya riƙe ka? Ni jariri ne?"

Ta samu abin da ta zo nema, har da shaida. Da wata ce, da tuni ta fara haɗa kaya. Winifred kuwa, da safe ta kai masa kunu yana ɓare gyaɗa shi kaɗai, ta tsuguna gefensa, ta maimaita tambayar jiya kalma bayan kalma, da Kamwe. Harshe kawai ta sauya.

Ya ɓare wata gyaɗa. Da ya yi magana, da Kamwe ya yi, a hankali.

"Uwarki tana kwance a ƙasar baƙi. Ni ma baƙi ne za su rufe mini ido?" Ya jefa ɓawo a ƙasa. "Amma ke kika sani."

Ɓaraka ta fito. Wanne ne Baba na gaskiya, gwajin ba ya faɗa.

Ta kai ƙara wurin ƙawarta Hamsatu, 'yar Hammanjoda, da ke ɗinki a bakin kasuwa. Hamsatu ba ta ma tsayar da keke ba.

"Wini, ke fa muguwa ce. An ba ki i a gaban mutane, kin kunna fitila kina neman a'a."

"Aikina ke nan. Ba a yarda da amsa ɗaya."

"To saura Fillanci, ai yana ji. Ki gwada, wadda ta samu biyu ta ci zaɓe."

"Ba wasa nake ba, Hamsatu."

Sai keken ya tsaya. "Ni ma na daina. Bari in ɗana miki tarkonki. A ce Baba ya bi Edwin Jos, gida ya zama ke kaɗai da kaji. Legas ta kira. Za ki?"

Winifred ta buɗe baki. Ta ga kanta a tasha, ta ga mota ta fita gari, duwatsun nan suna ja da baya, rana tana faɗuwa a wurin da ba ta san ƙofar kowa ba. An cire Baba daga tambayar, amsar ba ta motsa ba, har yanzu a'a ce. A wurin aikinta, zanen da ya yi haka shi ake cewa lafiyarsa ƙalau.

"Zarenki ya tsinke," ta ce wa Hamsatu.

"Na gani."

Wata ya ƙare. Ta gaya wa kamfanin cewa mahaifinta ya tsufa, ba mai duba shi. Suka ce sun fahimta, suka ba wani, suka ci gaba da turo mata ƙananan zane.

Ran Lahadi bayan coci, maƙwabta suka zo gaisuwa. Tana zaune gaban kwamfuta, taga a buɗe, ta ji Baba yana ba su labari da Hausa, da murya mai ƙarfi yadda zai kai ɗakin baya.

"Ni na ce ya tafi. Ku tambayi Hammanjoda. Injiniya ne ya ƙi."

Bai yi ƙarya ba. Ita ma ba ta yi wa kamfanin ƙarya ba. Ta tashi ta rufe tagar, ta ɗora masa ruwan wanka.