Yaya Hassana, Kin Tafi Gab da Jarrabawar Sumayya

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu na 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran yayata Malama Hassana Shu'aibu a gidanta da ke Gangare, cikin Jos. Dukkanmu na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma. Ta shafe fiye da shekara talatin tana koyar da lissafi a sakandare kafin ta yi ritaya. Ni ne ƙanenta Haladu, mai sayar da kayan gyaran mota a Laranto.

Yaya, na daɗe ina ɗage wannan rubutu, domin duk lokacin da na zauna sai takaici ya riga hawaye zuwa. Ba na ja da hukuncin Ubangiji. Amma kin san ban taɓa iya ɓoye miki abin da ke raina ba, yau ma ba zan fara ba.

Da kika yi ritaya mun ɗauka za ki huta. Sai kika aro bencuna daga Islamiyyar layinku, kika mayar da tsakar gida aji, kina shirya yara masu neman shiga jami'a. Da wata tsohuwar kwamfuta guda ɗaya kike koya musu amsa tambaya, saboda da yawansu ba su taɓa taɓa irinta ba, ga shi a kanta ake zana jarrabawar JAMB. Kafin ki koya wa yaro komai sai kin zaunar da shi kin tambaye shi abin da yake so ya karanta, sannan ki duba ko darussansa za su kai shi can. Rabin wahalarki da mu iyaye kika sha ta, don kowannenmu likita yake so a gidansa.

Ina tuna Yael, 'yar Anguwan Rukuba. Mahaifinta Mwadkon ya kafe sai ta karanci likitanci, ita kuwa kimiyyar noma take so, tun tana ƙarama take bin kakarta gonar dankali. Kika hau keke mai ƙafa uku kika same shi har gida. Kin ba ni labari cewa ya yi ta kawo hujja kina saurare, da ya gama kika ce masa 'yarsa ko kaza aka yanka a gabanta sai ta kau da kai, ya taimaka ya bar ta ta nemi abin da za ta iya. Ya yi dariya ya sauko. Wannan yarinya ba danginmu ba ce, ba addininmu ɗaya ba, amma har tuwo kike ajiye mata.

Sai maganar 'yata Sumayya, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Bara ta ci maki mai kyau, tana neman injiniya. Muka yi ta jira, sunayen waɗanda aka ɗauka suna fitowa, babu nata. Ke kika gano dalili: a shagon da aka yi mata rajista lokacin kina Bauci wajen haihuwar 'yarki, an sanya mata Bayoloji a gurbin Fiziks, aka ce mata duk ɗaya ne. Ta zana abin da aka ba ta, ta ci, amma ba ya kai mutum injiniya. Kin je shagon, mai shi ya ce yaron da ya yi aikin ya bar wurin. Kin yi ta hawa da sauka kina neman gyara, ko'ina a ce lokaci ya wuce. Shekara guda ta yarinya ta tafi a kan ganganci, kuma har yau babu wanda ya ce mana a yi haƙuri.

Bana kika ce babu mai taɓa rajistar yaranki sai kina tsaye. Kika riƙa bin layi da su tun sanyin safiya, injin ɗaukar hoton yatsa ya ƙi aiki, a ce a dawo gobe, ku dawo. Da ƙaramar Sallah ta matso kika hana 'yan matan yin lalle, don kada injin ya ƙi karɓar yatsunsu ranar jarrabawa. Sumayya ta yi fushi, ƙawayenta duk sun yi ado ita hannu fari. Kika ce mata: “Sallah za ta dawo baɗi in muna raye. Ni ba zan sake kallon ki zaune a gida shekara guda saboda ɗan yatsa ba.”

A nan ne nake jin haushinki, Yaya. Kin san kina da hawan jini. Sai bayan rasuwarki mijinki Malam Shitu ya gaya mini sau biyu kina tsallake ranar ganin likita, wai ta zo daidai da ranar rajista. Ana saura mako guda ki rasu na same ki kin ɗaure kai da ɗankwali tamau, kina duba amsoshin yara. Na ce ki tashi mu je asibiti, ga mota a ƙofa. Kika ce bayan jarrabawa. Na sake magana, kika ce in koma kasuwa, tun ina goye kike ba ni umarni ba yau za a sauya ba. Kin iya lallashin iyayen mutane su ji shawara, ke kuma ba wanda ya isa ya ba ki. Na san ajali ba ya jinkiri, amma da kin shiga motar nan da zuciyata ta fi samun sauƙi.

Wurin zaman makoki mutane sun cika layi suna yabon ki. Wasu daga cikinsu su ne kika yi ta roƙo su taimaka da kwamfuta ta biyu ko ɗaki mai rufi saboda damina, suna cewa za su duba. Haka na karɓi gaisuwarsu.

Bayan sadakar uku yaran suka watse. Sumayya ta rufe littattafai, ta ce ita ta haƙura da karatun. Na yi faɗa, mahaifiyarta ta yi lallashi, a banza. Ni kuwa ko inda ake duba wurin zana jarrabawar ban sani ba, duk ke ce ke riƙe da wannan. Ana haka sai ga Yael da mahaifiyarta Firisila sun zo gaisuwa. Yael ta shiga ɗaki wurin Sumayya, na ji tana cewa ita Fiziks ke ba ta wuya, Malama ta ce Sumayya ce za ta ƙarasa koya mata, yanzu wa za ta je wurinsa? Ban san ko kin faɗi haka ba ko dabarar yarinya ce. Washegari dai na ga su biyu a kan benci, daga baya wasu huɗu suka dawo.

Ni na kai su cibiyar da aka tura su, can wajen Bukuru. Aka yi ruwa, na'urori suka tsaya, yara suka yi ta jira cikin sanyi har rana ta ɗaga. Na zauna a mota ina tunanin da kina nan da tuni kin isa bakin ƙofa kina tambayar wane ne shugaban wurin. Da aka fito Sumayya ta shigo mota, sai da muka wuce Daɗin Kowa sannan ta ce: “Baba, irin tambayar da Gwaggo ta ce za ta fito ta fito. Ina gama amsawa na ce bari in yi sauri in je in gaya mata.”

Na sauka gefen titi, don ban iya ganin hanya ba.

Sakamako bai fito ba tukuna. In ya fito akwai zaɓen makaranta, akwai tantancewar jami'a, akwai abubuwan da ko sunansu ban iya ba. Malam Shitu ya ce a bar bencunan inda suke. Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu, amma ba na yaudarar kaina cewa za mu yi kamar ke.

Ya Allah Ka gafarta wa baiwarKa Hassana, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sanya kowane yaro da ta koyar ya zama sadaka mai gudana gare ta, Ka sada ta da iyayenmu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Shitu, da 'ya'yanta Ashraf da Nusaiba, da ɗalibanta na Gangare da na Anguwan Rukuba. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ma Ya yaye mini wannan takaici, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.