Yaron da Ban Auna Ba

Ni 'yar fari ce. A Zandam na tashi, a ɗakin kakata, kuma har na tafi makarantar kwana ban taɓa jin innata ta kama sunana ba. In baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga ƙanena take fara ƙirga. Kunyar ɗan fari ke nan, ba ƙiyayya ba ce, ko da yake sai da na girma na yarda. To, mai wannan tarihin ce ta je ta tafka wautar da zan faɗa.

Ina shekara ta biyu da fara aiki da wata ƙungiyar agaji mai kula da yara masu tamowa, aka tura mu wata ruga a bayan Farin Dutse da damina. Gida-gida muke bi, ina auna dantsen yara da zare mai launi: kore lafiya lau, ja kuwa sai asibiti. A wani gida na tarar da wata matashiya tana wanke ƙwarya. Na ce, "'Ya'yanki nawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗaya." Ta kwanto goyonta, na auna, kore. Na cike takarda ina ji da kaina, na wuce.

Sai da muka kusa ofishinmu a Birnin Kudu gabana ya faɗi. Na tuna wata 'yar riga a igiyar shanya wadda ta yi wa jaririn nan girma nesa ba kusa ba. Na tuna wani siririn tari daga bukkar surukar matar. Akwai ɗan fari a gidan, ni kuwa uwarsa na tambaya.

Ruwa ya yanke hanyar har kwana uku. Abinci ya ƙi shiga, na riƙa yi wa kowa tsawa a ofis, alhali da kaina nake faɗa. Tsoro nake ji ƙwarai, kada in koma in tarar ana zaman makoki.

Rana ta huɗu na ɗauki ɗan acaɓa, kai tsaye sai bukkar tsohuwar. Na ce, "Inna, ina jikanki?" Ta yaye zane. Yaro ɗan wajen shekara uku, ƙafafu a kumbure, ko kuka ba ya iyawa. Zaren ya tsaya can cikin ja.

"Me ya sa ba ku fito da shi ba rannan?"

"Ai ba ki tambaye ni ba, 'yar nan," in ji ta.

Ta goya shi za mu asibitin Gwaram, ban ma san ko zai kai ba. Uwar tana tsakar gida tana daka, ta ba mu baya. Da na zo wucewa na leƙa turmin, babu ko ƙwayar gero a ciki. Ba ta ɗago ba, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, ki gaya musu ba ya haɗiya in yana kwance. Sai an tada masa kai."