Ranar da Idona Ya Nuna Yaya

Ko zan manta lambar gidanmu a unguwar Mount Hope ta birnin New York, ba zan taɓa manta ranar da na ci amanar Yaya ba.

Ni ba mai son fita ba ce, amma shekarar da aka rage wa maigidana aiki, dole ta kai ni wani kamfanin wankin zannuwan asibiti a Bronx. Zafin wurin, Allah Ya kiyaye! Injin guga na huci, ba fanka, ba taga. A nan na haɗu da wata 'yar Nijar, tsohuwar malamar makaranta, kowa Yaya yake ce mata. A murfin lokarta, inda take ajiye kayanta a wurin aiki, ta manna hoton wani Bature mai gemu.

"Yaya, angon ke nan?" Haka muke tsokanarta.

"Ku tafi can, marasa kunya! Ya mutu tun ba a haifi kakanninku ba."

Lokacin cin abinci take ba mu labarinsa. Bafaranshe ne ɗan talakawa, mai ɗinkin littattafai a Paris. Ya buɗe wa ma'aikata gidan abinci mai araha, ya dage a biya mace daidai da namiji, yana cikin waɗanda suka jagoranci talakawa har suka karɓe birnin na ɗan lokaci. Da sojoji suka murƙushe su, yana zaune a gajiye wani ya nuna shi da yatsa. A ranar aka kashe shi. Ni da ko firamare ban gama ba, na haddace labarin tsaf, kullum ina tsine wa mai yatsan nan.

Da wata abokiyar aikinmu ta suma a gaban injin, Yaya ta rubuta takardar neman fanka da hutun shan ruwa. Ta zana da'ira, ta ce mu sa hannu a kewaye don kada a gane wadda ta fara. Na sa nawa da ajami.

Washegari aka jera mu gaban manaja. Shugaban sashenmu Bahaushe ne, ya san gidana, ya ci tuwona. Ya tsaya a gabana, ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, takardun izinin zaman Alhajinki a ƙasar nan sun fito kuwa? Wa ta kawo wannan abin?"

Ban ce uffan ba, wallahi ban buɗe baki ba, kuma da wannan na yi shekaru ina lallashin kaina. Amma idona ya juya hagu, inda Yaya take tsaye, ya dawo. Mutumin ya yi murmushi ya wuce.

Kafin la'asar an sallame ta. Na same ta tana ɓamɓare hoton daga lokar. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Miƙo min shi ta yi.

"Riƙe, ƙanwata. Ai ke kika fi kowa iya labarin."

Bayan sati biyu aka kawo fankoki. Shekara uku na yi aiki a ƙarƙashinsu, iskarsu ba ta taɓa yi min daɗi ba. Na ji Yaya ta koma tsibirin Staten Island tana jinyar tsofaffi. Sau ɗaya na shiga jirgin ruwa don in je wurinta, har St. George, tashar tsibirin, na tsaya a tashar, na juyo gida.

Hoton yana nan a ƙasan akwatina. Abin da na koya shi ne, mai yatsan nan ba dole ne mugu ba. Yana iya zama mai tsoro irina, mai iyali, wanda ya san labarin ya kuma yi kuka a kansa. Shi ya sa yanzu ba na tsine masa. Ba ni da bakin.