Malam Magagari da Dunƙulen Ƙarfensa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin da aka fi sani da Malam Magagari a shekarar 1948, a wani gari da layin dogo ya raba biyu; mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa mai sayar da zare. A 1963 ya shiga makarantar koyon sana'a, inda ƙa'ida ita ce a miƙa wa ɗalibi guntun ƙarfe da magagari, ya yi wata shida yana goga har fuskokinsa shida su daidaita. Nasa, an ce, idan aka ɗora a kan gilashi mannewa yake.

Aiki da Aure

A 1970 makarantar ta ɗauke shi malami. Duk ɗalibin da ya gama, sai ya karɓe dunƙulensa ya adana, domin a fahimtarsa halin mutum a kusurwa yake fitowa. A 1974 ya auri 'yar wani direban jirgin ƙasa, wadda takan ce, "Malam, mu 'yan haya ne, ƙarafan nan su ne masu gida." Bayan rasuwarta a 1991, ya koma cin abincinsa shi kaɗai a ɗakin aiki.

Shekarun Masana'anta

A 1998 masana'antar garin ta kawo injuna masu aiki da kwamfuta, ta maido masa ɗalibai goma sha bakwai da ya tura mata aiki, rana ɗaya. Shugaban ma'aikata, tsohon ɗalibinsa, ya ce masa, "Malam, injin nan ba ruwansa da hannu, lamba yake ci." Hukumar makaranta ta ba shi shekara guda ya gyara manhaja, ko a rufe sashen. Ya shiga masana'antar a matsayin ɗan koyo yana da shekara hamsin, amma bisa ɗabi'arsa ya ƙi fitowa sai ya ƙware sarai. Ya dawo bayan wata goma sha huɗu da littattafai uku cike da rubutu, ya tarar an rufe sashen, an mai da ɗakin aikin sito.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata a 2011, aka binne shi kusa da matarsa. Ya bar 'ya'ya uku: ta fari ungozoma, na tsakiya tela, auta direba. Ya kuma bar dunƙulen ƙarfe ɗari shida da ɗaya, aka yi sanarwa masu su su zo su ɗauka. Shugaban ma'aikata kaɗai ya zo. Bai nemi a nuna masa nasa ba. Ya kai hannu ya ɗauki mai karkatacciyar kusurwa.