Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Na karanta labarin dauloli, na kuma karantar da shi har alli ya ci mini yatsu, amma ban ga abin da ya riƙe al'umma kamar kalmar da aka ƙi faɗa ba. Ganuwa takan rushe, sarauta takan koma wani gida, kasuwa takan tashi. Abin da ba ya motsi shi ne bakin tsohuwar da ta ƙudura ba za ta furta wani suna ba. Kakata, wadda duk gidan muke kira Iya, ta riƙe irin wannan daula fiye da shekara hamsin a wani ƙauye kusa da Kwaya, ba ta da soja ko ɗaya.

Sunan kuwa na mahaifina ne, Isuhu, ɗan farinta. Kowa ya san alkunyar ɗan fari, amma Iya ta kai ta inda malamai ba su kai nahawu ba. In yana nesa "wancan" ne, in yana kusa "wannan", in ranta fari ne ta ce "uban yaran nan". Akwai wani Isuhu mai facin taya a unguwarmu, shi ma ya rasa sunansa a bakinta, ya koma "Mai-suna". Ko Annabi Yusufu, in wa'azi ya biyo ta kansa, sai ta ce "Annabin nan da 'yan'uwansa suka jefa rijiya". Autanta kuwa, Baba Sale, sunansa ba ya hutawa: Sale zo, Sale ci, Sale ka rame.

Lokacin tatsuniya a gidanmu bayan an gama kai amfanin gona gida ne, sanyi ya fara shigowa. Ana idar da sallar isha'i sai a hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, a dire mana kwandon gyaɗa, don Iya ba ta ba da labari kyauta. Hannu yana ɓara, kunne yana ji. In na kai ƙwaya baki sai ta ce, "Kai, maigidan nan nawa, mutum na aura ko ɓera?" Ni ne maigidan, bisa wasan kaka da jika, kuma ban taɓa riƙe muƙamin da ya fi wannan yawan zagi da ƙarancin albashi ba. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta dodon tabki. Wai akwai wani dodo a tabkin bayan gari, makaho ne, amma kunnensa kamar faifai. Ba ya iya kama yaro sai ya ji sunansa daga bakin uwarsa. In ya ji, sai ya kwaikwayi muryarta ya kira yaron cikin ruwa. Wata mata mai ɗa ɗaya ta gane haka, ta daina kiran ɗanta da suna. Yaro ya tashi yana jin ana kiran sa'o'insa da daɗin baki, shi kuwa sai "kai". Rannan ya yi fushi ya nufi tabki, wai gara dodo da uwar da ba ta san sunansa ba. Uwar ta hango shi ruwa ya kai masa gwiwa. In ta kira, dodo ya ji. In ta yi shiru, yaro ya nitse. A nan Iya takan tsaya ta gyara wuta, don ta san sana'arta. Sai numfashinmu ya kusa ƙarewa ta ce, "Sai ta zaro muciya ta wurga masa, ta same shi a ƙeya. Ya juyo yana ihu, ya biyo ta a guje don ya ji laifinsa. Dodo ya kwana da yunwa."

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar bokon garinmu, abubuwa suka fara kuɓuce mata. Ta sa gishiri a miya, ta dawo ta sake sawa. Aka sami takalminta a cikin randa. Ta tambayi ko kakanmu ya dawo daga gona, shi da ya rasu tun ba a haife ni ba. Aka ce tsufa ne. Tsufa babban buhu ne, duk abin da aka rasa inda za a sa sai a jefa ciki.

Amma akwai abin da buhun bai ɗauka ba. Wata rana muna ɓara, ta kawo mu bakin tabki kamar kullum, ruwa ya kai wa yaro gwiwa, ta gyara wuta. Muna jiran muciya. Sai ta miƙe tsaye, ta dubi wajen zaure, ta ɗaga murya, wata murya sabuwa kamar ta yarinya:

"Isuhu! Isuhu, fito daga ruwan nan!"

Baba, mahaifina, yana shigowa ke nan daga masallaci.

"Na'am," ya ce, tun kafin ya san ya ce.

Ƙwaryar da ke hannun mahaifiyata ta faɗi. Babu wanda ya sunkuya ya ɗauka. Baba ya tsaya a inda yake, ƙafa ɗaya a zaure ɗaya a tsakar gida. Iya ta koma ta zauna, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Me kuke kallo? Ina muka tsaya?"

Da safe Baba Sale ya zo, labari ya riga ya same shi. Ya shiga ya gaishe ta, ya fito idonsa ja.

"Yaya, wannan ba Iya ba ce," ya ce. "Iyar da ta haife mu, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta faɗar sunan nan. Wani ne ya shiga bakinta."

Yana da magani a shirye. Akwai wani mai cire iska a wani ƙauye gaba da Dogo-Dogo. A can ana ɗaure mutum a turke, a turara masa hayaƙi mai yaji, a yi ta bulala har iskar ta faɗi ko ita wace ce ta fita. Mun san wata tsohuwa da aka kai can. Iskar ta fita, ta tafi da maganar tsohuwar gaba ɗaya. Ba mugunta ce ta sa Baba Sale ba, wannan sai na girma na gane. Duk duniya babu mai son Iya kamarsa. So yake a dawo masa da uwarsa, kuma an gaya masa hanyar ke nan.

Baba ya ce a dakata. Bai ce a'a ba, bai ce to ba.

Daga ranar Iya ba ta sake wata tatsuniya ba sai ta dodo, kuma ba ta sake wurga muciya ba. Kullum in an kai bakin ruwa sai ta miƙe ta kira. Mu yara muka daina cin gyaɗar ma. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Baba. Mutumin da bai taɓa zama inda mata da yara suke hira ba, sai ga shi kullum a bayan zana yana gyaran igiyar guga, igiyar da babu abin da ya same ta. Bai sake amsawa da ƙarfi ba, amma ta ramin zana ina ganin leɓensa yana motsi.

Ana haka wata rana da tsakar rana aka nemi Iya aka rasa. Mata masu ɗebo itace suka same ta a hanyar tabki, ba mayafi, ba takalmi, tana cewa ɗanta yana cikin ruwa. Ranar kasuwar Dungas da sassafe Baba Sale ya tsayar da amalanke a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarma a kai, ga wani tsohon rawani a naɗe a gefe. Ko yaro ya san ba don naɗawa a ka aka kawo rawanin ba, don ɗaure ta ne.

Baba ya tsaya a bakin zaure.

"Matsa, Yaya."

"Ba inda za ta."

"Sai ta faɗa ruwa? Ko ka ɗauka ba a ganinka a bayan zana? Kai daɗi kake ji! Shekara hamsin kana jira a kira ka, yanzu aljani ya kira ka, kana amsawa."

Ban taɓa jin ƙane ya yi wa wansa magana haka ba. Na zaci mari zai biyo. Marin bai zo ba, don maganar ta sami wurin zama.

"Mu kai ta gidan likita a Magarya," ya ce. "In suka ce lafiyarta lau, ba ciwo ba ne, ka tafi da ita. Ba zan tsaya maka a hanya ba."

"Ka faɗa a gaban yara."

"Na faɗa."

Aka kira kabu-kabu biyu, masu haya da babur. Iya ta ce ba ta hawa sai da maigidanta, shi ya sa aka tafi da ni. Duk hanyar addu'a ɗaya nake yi, irin wadda ba a koya a makarantar allo: Allah Ka sa a sami ciwo a jikin Iya.

Likitar wata matashiya ce mai fara'a. Iya kuwa, kamar da gayya, ranar ta tashi garau. Ta gaishe ta da kyau, ta tambayi mutanen gidanta, har ta yaba mata lalle.

"Iya, daga wane gari kuke?" Iya ta faɗa daidai.

"Wane lokaci muke ciki na shekara?"

"An gama kaka, 'yar nan. Ba ki ga faso a ƙafata ba?"

Baba Sale ya dubi Baba.

"To wannan da ke zaune kusa da ke fa, wane ne?"

"Isuhu ne mana."

"Madalla, Iya! Ai kin fi ni lafiya."

Baba Sale ya fara laluben takalmansa. A raina na ga amalanke, na ga rawanin nan. Amsar da ta fi kowacce zama daidai ita ce za ta kai Iya turke. Kuma ba wanda zai iya gyarawa sai Baba, shi da alkunyar ta ɗaure kamar yadda ta ɗaure ta, don ɗan fari ba ya zama gaban baƙuwa yana bayanin tsakaninsa da uwarsa.

"Likita," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni ne na farinta."

Hannun likitar ya tsaya a kan takarda.

"Na fari? Babu wani kafin kai?"

"Babu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai bana."

Ita ma 'yar Hausa ce, ba ta buƙaci ƙari ba. Ta ce wa Baba Sale, "Malam, ajiye takalmin." Ta jawo kujera ta ce a faro mata daga tushe: gishiri, randa, kakanmu, hanyar tabki. Sannan ta ce wa Iya ta riƙe mata sunan abu uku, akuya da allura da albasa. Suka yi hirar gyaɗar bana kaɗan, ta ce, "Iya, ina abubuwan da na ba ki ajiya?"

"Ba ki ba ni kome ba, 'yar nan. Kada ki ɗora mini sata."

Aka ɗibi jini, aka tura mu babban asibiti a Damagaram, can ma suka duba abin da za su duba. Magana ta tsaya a kan ciwon mantuwa, wanda ke cin ƙwaƙwalwar tsofaffi a hankali. Ba hauka ba ne, ba kuma tsufa kawai ba. Babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Aka ce a bar ta a ɗakin da ta sani, kada a yi mata gardama, kada a ɗaure ta, a sa ido a ƙofa, a bar ta ta yi ta tatsuniyarta.

"To iska fa?" in ji Baba Sale, ranar da muka koma wurin likitar Magarya.

"Ban hana ku addu'a ba, Malam, ku yi ta yi. Amma ka taɓa ganin an doki tulu mai yoyo ya daina?"

Ya fita waje ya daɗe. Daga baya shi ne ya ɗauko shimfiɗarsa ya dawo kwana a zaurenmu, don kada ta fita ba a sani ba, kuma bai fasa ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Yanzu ni ke tsayawa gaban allo, yara suna ce mini mushe, wato malam. Na karanta cewa wannan ciwo yakan kwance linzamin da mutum ya ɗaura wa harshensa tun ƙuruciya, abin da aka danne ya fito. Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Ina ganin Iya ba don mu take yinta ba. Shekara da shekaru tana bayyana dalilin muciya ga mutumin da ba ya zama a wurin, ta bakin yara, ko wani zai kai masa. Da ciwo ya zo ya kashe dodon, sai ta kira ɗanta. Haka nake faɗa wa ɗalibaina in darasi ya biyo ta kan tsofaffi, cewa cutar ta ƙwace mata kusan kome, amma ta ba mahaifina abin da lafiya ta hana shi. Wasu har idonsu yakan kawo ruwa. Baba ma a kan haka ya tsaya, kuma ban taɓa yi masa musu ba.

Kafin a cire gyaɗar shekara ta gaba, Isuhu take kiran kowa, har jakin Baba Sale.